Sharhi Kan Kulawar Wata Likitar Cututtukan Cikin Jiki

Ga mai fama da hawan jini da ciwon sukari a lokaci guda, kamar ni, ina ganin babu likitan da ya fi dacewa da shi irin ƙwararre a fannin cututtukan cikin jiki na manya, kuma kulawar da na samu wajen wata likita a wannan fanni ce ta sa na faɗi haka. Irin waɗannan likitoci ba sa yin tiyata. Bayan kammala karatun likitanci sukan ƙara samun horo na musamman a asibiti, wanda a Amurka kan ɗauki shekara 3, inda suke gogewa a kan cututtukan zuciya, ƙoda, hanta, huhu da jini, musamman idan biyu ko uku sun taru a jikin mutum ɗaya.

Amfanin wannan horo ya bayyana gare ni tun ganawar farko. Ta buƙaci in zo da duk magungunan da nake sha, har da waɗanda nake saye da kaina, sannan ta jera su a kan tebur tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana tambayata dalilin shan kowanne. Da ta kai ga ibuprofen, wanda nake sha saboda ciwon gwiwa, sai ta ware shi gefe, ta bayyana mini cewa yawan shansa yana ɗaga jini kuma yana cutar da ƙoda. Busasshen tarin da ya daɗe yana hana ni barci kuwa, ta danganta shi da lisinopril, maganin hawan jinin da nake sha, ta sauya mini shi da wani maganin hawan jinin mai suna losartan, kuma tarin ya tafi.

Bincikenta ya karkata ga yadda sukari da hawan jini ke lalata ƙoda ba tare da majiyyaci ya ji komai ba, shi ya sa ba ta wasa da gwajin fitsari da ke nuna ko furotin ya fara zuba. Ita ce kuma ta fahimtar da ni gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata 2 zuwa 3, saɓanin awon safe da ke nuna halin da ake ciki a wannan lokacin kawai. Na ji daɗi ƙwarai da ta riƙa nuna mini sakamakon da alƙalami tana bayani, domin sai mutum ya fahimci dalili yake dagewa kan shan magani.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne tsawon jira da kuma nisan ranar da ake ba mutum ya dawo, abin da ke da wahala ga wanda aka sauya wa magani yana son a duba shi da wuri. Wanda zai je wurin irin wannan likita, ina ba shi shawarar ya rubuta awon jininsa na gida da tambayoyinsa tun kafin ya shiga, ya kuma nemi a tsayar masa da ranar dawowa kafin ya bar asibitin.