Watch NRL: ta cancanci kuɗinta ga mai bibiyar ɗan wasa ɗaya?

Watch NRL manhajar Fox Sports ce ta Ostareliya, an yi ta ne domin masu kallon gasar NRL da ke wajen Ostareliya da New Zealand da tsibiran Pasifik. Gasar ita ce kan gaba a zari-ruga mai 'yan wasa 13. Manhajar tana nuna kowane wasa kai tsaye, tana ajiye shi domin kallo daga baya, har da wasanni uku na State of Origin tsakanin New South Wales da Queensland, da gasar mata, da tashar Fox League. Ana biya na mako, ko na wata, ko na shekara. Ga mai son bin rayuwar ɗan wasa guda a fili, kamar Nathan Cleary mai lamba 7 a Penrith Panthers, tana biyan buƙata, amma sai an san yadda ake saye.

Kada a yi gaggawar biyan na shekara. Kakar wasa tana farawa a Maris ta ƙare farkon Oktoba, kuma ɗan wasa ba ya buga dukkan zagaye 27. Ƙungiyoyi 17 ne, don haka kowane mako akwai mai hutu. Wanda aka kira Origin yakan rasa wasan ƙungiyarsa, wanda aka tabbatar ya bugu a ka kuwa dole ya zauna kwana 11. Cleary kansa ya sha jinyar cinya da kafaɗa a 2024. Dabarar ita ce a jira Talata: ana fitar da sunayen 'yan wasa ƙarfe 4 na yamma agogon Sydney, wato 7 na safe a Kano da Maraɗi (6 na safe a watan Maris). In sunansa ya fito, sai a biya. A kuma kashe sabunta rajistar da manhajar ke yi da kanta, in ba haka ba katin banki zai ci gaba da zuba ana tsakiyar hutun kaka. Da kuɗin waje ake biya, saboda haka a fara tabbatar katin banki yana sayayya a ƙetare.

Sai lokaci. Daga Afrilu zuwa farkon Oktoba Sydney tana gabanmu da awa 9, a Maris kuwa awa 10. Wasan daren Juma'a na ƙarfe 8 yana kamawa 11 na safe a nan, ya ƙare mutane na shirin masallaci. Na Lahadi ƙarfe 2 na rana kuwa 5 na asuba ne. Nan ne sauke wasa a waya ya fi komai amfani a manhajar: a sauke inda intanet ke da ƙarfi, a kalla ba tare da hoto na tsayawa ba. Wasan minti 80 ne, amma da hutun rabin lokaci da duba bidiyon alƙalai yakan kusa awa biyu, kuma kallo kai tsaye da hoto mai kyau yana lashe data ba kaɗan ba. Kafin a buɗe jerin wasanni a kunna ɓoye sakamako.

Inda ta yi fice shi ne mayar da wasa baya. Ƙungiya tana riƙe ƙwallo ne har a kama 'yan wasanta sau shida; aikin mai lamba 7 yana fitowa ne a kamu na biyar, lokacin da saura dama ɗaya ta rage kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A wasan ƙarshe na 2023, Brisbane Broncos tana gaba 24 da 8. Cleary ya ratsa layi ya miƙa wa Moses Leota, ya buga ƙwallo daga bayan layinsu na mita 40 ta dira ta fita cikin mita 20 na Brisbane, abin da ya dawo wa Penrith da ƙwallo, ya ba Stephen Crichton, sannan ya dire ƙwallo ta ƙarshe a gidan Brisbane da kansa, Penrith ta ci 26 da 24. Irin wannan ba a gane shi a gajeren bidiyon YouTube; sai an tsayar, an koma baya, an ga inda ya tsaya kafin ƙwallo ta iso shi.

Rauninta kuwa na kowace talabijin ne: kyamara ƙwallo take bi. In gwaninka mai lamba 1 ne, rabin aikinsa, wato tsara masu tsaron gida daga baya, ba ya shiga hoto. Sharhin ma Turancin Ostareliya ne mai sauri, ba ya tsayawa bayyana doka, don haka sabon shiga ya fara koyon kamu shida da layin mita 10 (nisan da masu tsaron gida ke ja baya bayan kowane kamu) kafin ya kashe kuɗinsa. In za a biya wata ɗaya tak, a zaɓi Satumba, lokacin da ƙungiyoyi takwas na sama ke fafatawar fitar da gwani.