Hattara da Hilux ɗin da ruwa ya ci, anka goge mata kod

Naira miliyan 17 da dubu 500. Abin da kawuna ya tura wa wani dillali a nan Sakkwato ke nan kan Hilux mai injin fetur 2.7. Kuma ni, mai aikin rewaya, ni na jona kwamfutar duba kod, wato lambar da mota ke ajiyewa in wani abu ya lalace, na ɗago kai na ce, "Kawu, babu kod, ka biya." Wagga magana ita ke hana ni barci.

Kada wanda ya ce ban duba ba. Na duba. Na jona a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, babu kod ko ɗaya, fitilar cek ta kama ta mutu yadda ya kamata. Dillalin na tsaye yana jan carbi yana cewa, "Malam, duba da kyau, amana ce, motar ofis ce, ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba." Ko kududdufi! Wa ya tambaye shi zancen ruwa? A nan ya kamata in tsaya.

Motar ta mutu kusa da Gwadabawa, kawu na dawowa daga Illela. Kafin in isa wani makaniki ya canza sensa uku, dubu 95, kan miliyan 17 da dubu 500. Ga kod ɗin da sunka fito: P0113, P0118 da P0123 na sensar zafin iska, zafin ruwa da totur, P0335 na sensar juyawar inji, sai U0100. Duk mai aikin wuta ya san sensar zafin iska, da ta zafin ruwa, da ta totur ba su mutuwa rana ɗaya. A Toyota waya ɗaya suke komawa ƙasa da ita, E2. In ta yanke, duka ukun sai su nuna wuta ta yi sama. Na auna tsohuwar sensar ruwa da anka cire, lafiyarta lau: irinta tana ba da wajen om 2,500 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) a digiri 20, ta sauko wajen om 300 a digiri 80. Dubu 95 a banza.

Af, tun ranar ciniki motar na ƙamshin turaren wuta kamar ɗakin amarya, kafet sabo fil. Na ce mai tsafta ne. Mai tsafta!

Da na zare soket ɗin ƙwaƙwalwar motar a bayan akwatin dashbod, ƙafafun sun yi kore shar, biyu sun ruɓe. Na cire kan batir na auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket mai ƙafa 16 ɗin nan. Om 60 ya kamata, na ga 120, wato layin da kwamfutocin motar ke magana da juna ya katse ta gefe guda, shi ne U0100. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ga layin ruwa. Soson da ke ƙarƙashin sabon kafet, laka busassa. Ƙarfen da kujera ke gudu a kai, tsatsa. Kuma ruwa ba ya tsayawa a soket, bin cikin waya yake yi yana cin tagulla a hankali, shi ya sa mota ke tashi lafiya yau, bayan sati ta fara hauka. Kowa ya ga motocin da ruwa ya shanye a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024. Kuna tsammanin irinsu ƙona su ake yi?

Abin da ya fi ci mani rai shi ne shaidar tana cikin kwamfutata tun ranar farko, shafi ɗaya ne ban buɗe ba. In anka goge kod ko anka cire batir, gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta, na sensar iskar salansa da na katalis, suna komawa "ba a gama ba". Sannan akwai lissafin kilomita nawa anka yi tun gogewar. A Gwadabawa ya nuna 150, kawu kuwa ya yi 141 tun da ya karɓi makulli. Kilomita tara ke nan, daidai zagayen gwajin da munka yi. Da safen nan sunka goge, kafin mu iso, sannan ya dube ni ya ce amana ce.

Yanzu cewa yake an saya an sayar. Jiya bai ɗauki waya ba, a'a shekaranjiya, jiya a kashe take. Ƙwaƙwalwa da hanis, wato damin wayoyin motar, gaba ɗaya sai an canza, kan miliyan 17 da dubu 500.

In za ku sayi mota, ku buɗe shafin nan, ku ja bel, ku ɗaga kafet, ku zare soket ɗaya. Hoton alat ɗin banki, da na ƙafafun da sunka ruɓe, da muryarsa ta WhatsApp inda yake cewa ko kududdufi, duka zan ɗora su da daddare.