Bod ɗina na AM4 tun 2019, furosesa kawai na canza

Ni aikina haɗa bidiyon biki da na walimar kammala karatu, shagona yana Samaru, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tun 2019 na haɗa ta, furosesa Ryzen 5 2600 ta kamfanin AMD a kan madabod, wato bod, samfurin B450. Lokacin ko sanin wani abu wai shi soket banyi ba, mai haɗa min ne kawai yace "oga ɗauki AMD, nan gaba in kaji ta maka nauyi furosesa kawai zaka canza", ni kuma na ɗauka bakin ɗan kasuwa ne. Ashe gaskiya ya faɗa.

Ga wanda bai sani ba, soket shine gurbin nan mai ƙananan ramuka da ke tsakiyar bod inda furosesa ke zama, kuma ba kowace furosesa ke shiga kowane gurbi ba. Ranar da kamfani ya daina fito da sabbin furosesa na gurbinka to shikenan, in kana son ƙarin gudu sai ka sayi sabon bod, wani lokacin harda sabon RAM. Nawa sunansa AM4, ramuka 1331 gare shi, ya fito a 2016 kuma Ryzen na farko suka hau kansa a Maris 2017. AMD sun ce zasu riƙe shi har 2020. To sai gashi Ryzen 1000, 2000, 3000 da 5000 duk a gurbi ɗaya suka zauna, har a 2024 suna fito da irinsu 5700X3D da 5900XT a kansa, soket ɗin da yanzu ya doshi shekara goma.

Abin da ya tura ni canji shine bidiyon 4K. Yanzu kowace amarya wayar ƙawayenta 4K take ɗauka, a turo maka ace a haɗa da na kyamara, sai 2600 ta fara nishi, ina jan bidiyo yana tsinkewa, rendarin kuwa sai in saka in tafi sallar la'asar in dawo in sha shayi bai gama ba. Na je na tambayi kuɗin sabon haɗi a 2024, wato AM5 wanda ya fito a Satumba 2022, sai na tarar sabon nau'in RAM mai suna DDR5 kaɗai yake ci, kenan bod sabo, RAM sabo, furosesa sabuwa, ga dala ta haura naira dubu tuni. Na shafa aljihu na dawo gida shiru. Daga baya na samu Ryzen 5 5600 ta hannu, ita kaɗai na saya.

Amma fa kar wani yace zai cire tsohuwa ya dasa sabuwa kawai ya kunna. Sai an sabunta BIOS tukuna, wato ƙaramar manhajar da ke cikin bod wadda ke tada kwamfuta, kuma da tsohuwar furosesar a ciki ake yi, sai dai in bod ɗinka yana da maɓallin nan na baya da ke yin aikin da filashi ko babu furosesa, nawa bashi da shi. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa, domin in aka ɗauke wuta ana tsaka da rubuta BIOS bod na iya mutuwa, kuma kun san halin wutarmu. Janareto na tada, na jona UPS a tsakani, na hana yaron shago ko tsintsiya ya ɗauka kusa da waya. Wani layi ne ke tafiya a hankali a kan sikirin, mintuna kaɗan ne amma wallahi kamar an ajiye ni a benci ana jiran sakamakon asibiti, kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta har sau biyu kafin ta nuna min tambarin bod.

Kuskuren da nayi kuma nawa ne ni kaɗai. A AM4 ƙafafun a jikin furosesa suke, ba a jikin bod ba, kuma man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka ya bushe ya zama kamar siminti, shekara biyar ga ƙurar hunturun Zariya. Na kwance sukurori na ja sama da ƙarfi, sai ga furosesa ta biyo fanka manne a gindinta alhali hannun soket yana kulle. Ƙafa uku a gefe sun kwanta. Haka na naɗe ta a tishu na hau mashin zuwa Sabon Gari wajen mai gyara, ya saka gilashinsa na ƙara girma ya ɗauko reza yana bi layi layi yana miƙar dasu, ko numfashi mai ƙarfi bana yi. Da ya gama yace "Alhaji ai da ka bar ta tayi aiki na minti goma man yayi laushi, sai ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga". Nace Malam ai yanzu na sani.

Bambanci kuwa akwai shi sosai. Tsohuwar da sabuwar dukansu ƙwaƙwalwa shida ne, wato core shida masu raba aiki a cikin furosesa, dukansu wat 65, don haka fankata da fawa sufulai ban taɓa su ba, amma 2600 ƙirar Zen+ ce ta 2018 ita kuma 5600 sabuwar ƙirar Zen 3 ce, kuma ma'ajiyarta ta cikin gida da ake kira L3 megabait 32 ce maimakon 16. RAM ɗina ma mai 3200 ne amma da can in na saka shi a cikakken gudunsa sai kwamfuta ta riƙa yin shuɗin sikirin, dole na rage, yanzu ya zauna a 3200 lafiya lau. Ban riƙe agogo na auna ba, abin da na sani shine yanzu kafin in dawo daga masallaci aiki ya kammala. Sai dai 5600 bata da girafik a cikinta, in baka da katin girafik to 5600G zaka nema, kar kaje ka sayo ka kunna kaga baƙin sikirin kace an cuce ka.

Ba wai AMD waliyyai bane. A Mayu 2020 sun fito sunce Zen 3 ba zai hau bod masu B450 da X470 ba, hujjarsu ita ce guntun BIOS na megabait 16 ya cika, ba zai ɗauki bayanan duk furosesocin ba, sai da mutane suka yi musu caa sannan suka janye. Masu A320, B350 da X370 kuwa sai 2022 aka buɗe musu. Kuma saboda ƙarancin wurin nan, a wasu bod in ka sabunta BIOS tsofaffin furosesa na farko farko sun daina tashi. Sannan gurbi ɗaya baya nufin komai ya zama sabo, hanyar da katin girafik ke magana da furosesa, wato PCIe, a B450 ɗina a 3.0 ta tsaya duk da 5600 tana iya 4.0, ni dai a aikina ban ji ciwon hakan ba.

A ɓangaren Intel lissafin daban ne, yawanci zubi biyu suke yi su sauya. Soket ɗinsu LGA 1200 ya fito 2020 ya ɗauki zubi na 10 da na 11, LGA 1700 ya ɗan yi ƙoƙari ya ɗauki na 12, 13 da 14, sai LGA 1851 a Oktoba 2024. Wanda yafi rikita mutane shine LGA 1151, na 6 da na 7 suna kansa, na 8 da na 9 ma sunansa ɗaya ƙafafu ɗaya amma sai bod mai lamba 300. Wani ɗalibi ya taɓa shigo min shago da i5 ta 8 da ya saya a hannun wani zai ɗora a bod ɗin na 6, ta zauna daram a gurbi, ya kunna shiru. Tausayi ya bani don kuɗin alawus ɗinsa ne.

In kana da bod na AM4 a gida, ka shiga shafin kamfanin bod ɗin ka duba jerin furosesar da yake ɗauka kafin ka kashe ko sisi a sabon haɗi. Wanda zai haɗa daga farko kuma yana da hali ni AM5 zan ce masa, tunda AMD sun faɗa a 2024 cewa zasu riƙe shi har 2027 ko fiye, AM4 kam iyakarsa Zen 3, babu wani zubi da zai zo bayansa. Ni inaga 5700X mai ƙwaƙwalwa takwas ce zata zama ta ƙarshe a bod ɗin nan in Allah ya hore. Ita kuma 2600 mai miƙaƙƙun ƙafafu tana wajen ƙanina a Tudun Wada, ya samo A320 na hannu ya ɗora ta yana ta buga ƙwallo da ita.