Wasiƙa Daga Birmingham a Kan Littattafai da Masu Rubuta Su

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ɗalibanka, na samu saƙonka inda ka nemi in yi maka bayani dalla-dalla a kan harkar littattafai a nan Ingila, tun da kana da niyyar mayar da shagon da ke jikin zauren gidanmu wurin karatu na yaran unguwa. Ka kuma gargaɗe ni kada in cika ka da yabon ƙasar Turawa kamar yadda mutanenmu suke yi idan sun kwana biyu a waje. Zan faɗa maka abin da idona ya gani da abin da aljihuna ya ji, sauran kuma kai ne malami, sai ka auna.

Zan fara da farashi, domin shi ne abin da ya fara ba ni tsoro. Sabon littafi mai bango mai laushi, irin wanda ake sa wa a jaka a karanta a cikin bas, yana kaiwa fam 10 ko 11 a kanti irin Waterstones, wanda shi ne babban kamfanin sayar da littattafai a ƙasar nan, mai bango mai kauri kuwa yakan haura fam 20. Idan ka juya fam 10 zuwa kuɗinmu za ka ga ya doshi naira dubu 20, wato fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024. Amma wannan lissafi yana ruɗi, domin a watan Afrilun 2025 an kai mafi ƙarancin ladan aiki a nan fam 12.21 a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, ka ga ke nan mai shara a asibiti yana iya sayen sabon littafi da gumin da bai kai na awa guda ba. Gwamnati ma ba ta ɗora wa littafi harajin kayayyaki na kashi 20 cikin 100 da take ɗora wa yawancin abin da ake saya. Duk da haka ni kaina ban cika sayen sabo ba. Akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin na Oxfam, inda mutane suke kai littattafan da suka gama karantawa kyauta, a sayar da su fam 1 ko 2 ko 3, kuma sau da yawa za ka ɗauki littafi ka ga kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Gwanjo ne dai, sai dai an jera shi bisa tsari.

Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne ɗakin karatu na jama'a. Akwai doka tun 1964 da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da shi, kuma aron littafi kyauta ne ga duk wanda yake zaune a yankin. Ranar da na je yin rajista na ɗauki fasfo da takardar haya da hotuna biyu, na kuma tanadi kuɗi, ina tsammanin za a ce in dawo gobe shugaba ba ya nan. Cikin 'yan mintoci aka miƙo mini kati, aka tambaye ni ko ina so a yi wa yara nasu, har da jaririyar da take goye a bayan uwarta. Babban ɗakin karatun birnin, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a watan Satumban 2013, gini ne mai hawa da yawa da ya ci kusan fam miliyan 189, kuma idan ka tsaya a gabansa sai ka tuna Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello a Kano ka yi shiru. Sai dai kada ka ɗauka ba su da nasu ciwon. Shekara biyu da buɗe shi aka rage awannin aikinsa daga 73 zuwa 40 a mako saboda rashin kuɗi, a 2023 kuma majalisar birnin ta bayyana cewa asusunta ya gaza, ƙananan ɗakunan karatu na unguwanni suna cikin waɗanda abin ya taɓa.

A ɓangaren yara ne na fi ganin tazara tsakaninmu da su, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali. Tun yaro yana jariri ake ba iyayensa 'yar jaka mai littattafai kyauta a ƙarƙashin wani shiri da ake kira Bookstart, wanda a nan Birmingham aka fara gwada shi a 1992 da jarirai 300 kafin ya bazu ko'ina. Littattafan jarirai da kwali mai kauri ake yin su, gefunansu a dakushe don kada su yanki hannu. Ƙaramar 'yarka ta taɓa tauna kusurwar wani da muka aro har ya jiƙe ya kumbura, na kai shi ɗakin karatun unguwarmu ina ta ba da haƙuri da kuɗi a hannu, matar da ke kan tebur ta duba shi ta yi dariya ta ce ai wannan alama ce an ji daɗin littafin. Babban yaron kuwa kullum yana dawowa daga makaranta da littafi daidai matakin karatunsa, tare da wani ɗan kundi da dole ni ko mahaifiyarsa mu sa hannu cewa ya karanta mana. Ranar Alhamis ta farko a watan Maris ana ba kowane ɗalibi takardar fam 1, ya je kanti ya karɓi ɗaya daga cikin littattafan da aka buga musamman domin ranar, a dogon hutun bazara kuma ɗakunan karatu suna yin gasa, wanda ya karanta littattafai shida a ba shi lambar yabo. A kanti ma ba a zuba littattafan yara wuri ɗaya, an raba kantoci bisa shekaru, daga na masu rarrafe har zuwa na matasa.

Littafin da na ga babu gidan da ba ya nan shi ne The Gruffalo na Julia Donaldson, wanda Axel Scheffler ya yi wa zane, aka buga a 1999. Labarin ɓera ne da ya tsorata dabbobin da suke son cinye shi da sunan wani dodo da ya ƙirƙira. Da na karanta wa yara shi sai na ce a raina, ai wannan wayon Gizo ne, kuma Inna ta ba mu tatsuniyoyin da suka fi shi daɗi a kan tabarma da dare. Bambancin shi ne nasu an zauna an auna kalmominsa suna tafiya da kari kamar waƙa, an biya mai zane ya yi aikinsa, an buga shi a takarda mai kyau, sannan aka tabbatar ya isa hannun kowane yaro. Mu muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam tun ƙarshen shekarun 1930, amma ka duba da kyau, littafi ne na wanda ya riga ya iya karatu. Ɗan shekara uku da yake buƙatar hoto babba da jimla ɗaya a shafi kusan ba mu tanadar masa komai ba. Akwai wata marubuciya 'yar asalin Najeriya mai suna Atinuke da take rubuta wa yara labaran wata yarinya Anna Hibiscus da ke zaune cikin babban gida a Afirka, kuma na ga yadda fuskar 'yarka ta sauya da ta ga hoton yara masu kama da ita. Sai dai ina gaya maka gaskiya, ba kowane littafi nake bari ya shigo gida ba sai na duba shi, domin akwai abubuwan da suke ganin daidai ne yaro ya sani tun yana ƙarami waɗanda tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba. Su kansu suna jayayya a kan abin da ya dace da yara: a 2023 an yi ta cacar baki da mawallafa suka sauya wasu kalmomi a littattafan Roald Dahl, har suka dawo suka ce za su ci gaba da buga na asalin ma.

Ƙagaggun labaran kimiyya suna da sashe nasu a kowane kanti, a Landan ma akwai shago mai suna Forbidden Planet da kusan ba ya sayar da komai sai su da danginsu. Turawan nan suna alfahari cewa su ne suka yaye wannan fanni, daga Frankenstein na Mary Shelley a 1818 zuwa The Time Machine na H. G. Wells a 1895. Abin da ya sa na tsaya a sashen shi ne sunayen da na gani. Tade Thompson, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin ƙasar Yarbawa, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da littafinsa Rosewater, wanda ya gina a kan Najeriya ta shekarar 2066, inda gari ya taru a kewayen wani baƙon abu da ya zo daga wata duniya. Nnedi Okorafor kuma ta ci manyan kyaututtukan Hugo da Nebula da gajeren littafinta Binti, a wani littafin nata mai suna Lagoon kuwa a tekun Legas baƙin sama suka sauka. Ina tsaye a wurin sai na tuna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da muka karanta a makaranta, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. An buɗe mana ƙofar tun a lokacin, amma kaɗan ne suka bi ta. Marubutanmu na Kano sun ƙware a soyayya da zaman aure da labaran jarumai da aljannu, kuma ban raina wannan ba, sai dai yaron da yake gyaran waya a kasuwar Farm Centre ya cancanci labarin da zai nuna masa irinsa yana ƙera wani abu da harshensa.

Sashen da ya fi ba ni mamaki shi ne na littattafan laifukan da suka faru da gaske. Kanta guda ce cike da bango baƙi da ja, har a manyan kantunan kayan abinci za ka gan su kusa da jaridu. Da yawansu ban ga amfaninsu ba, cinikin hawayen mutane ne kawai, kuma ni da na taso inda ake cewa a rufa wa mamaci asiri sai da na ji nauyin ɗaukar su. Amma akwai na ƙwarai a ciki. Ana yawan danganta salon zamani na fannin da In Cold Blood na Truman Capote, wanda ya fito a 1966 a kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya a jihar Kansas ta Amurka a 1959. Wanda ya sauya mini ra'ayi shi ne The Five na Hallie Rubenhold, na 2019. Ta ɗauki mata biyar da aka kashe a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, waɗanda fiye da shekara ɗari ana ta rubutu a kan makashinsu ana mantawa da su, ta bi rayuwar kowace ɗaya daga haihuwa, da aure, da mutuwar aure, da talauci, har zuwa kwana a titi. Na gama shi ina tunanin zawarawa da 'yan aikatau na garinmu da ba a jin sunansu sai ranar da wani abu ya same su.

Irin wannan rubutu yana yiwuwa ne saboda ana adana takardu. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913, kusan shari'a dubu 200, suna kan intanet kyauta, kowa yana iya dubawa daga ɗakinsa. Akwai kuma linzami: dokar 1981 ta hana buga abin da zai iya karkata shari'ar da take gudana, dokar ɓata suna kuma tana da tsanani, shi ya sa mawallafa suke ba lauya irin wannan littafi ya duba kafin a buga. A gida labarin laifi yana zuwa mana ta rediyo da Facebook, ya yi kwana uku ana ta Allah wadai, sannan ya ɓace ba tare da an san yadda ta ƙare a kotu ba.

Akwai wani tsari da na san zai ba abokanka marubuta sha'awa. Tun dokar 1979, duk lokacin da aka ari littafi a ɗakin karatu na jama'a, gwamnati tana lissafa wa marubucin 'yan kwabbai, a tara a biya shi sau ɗaya a shekara, iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa shi ne fam 6,600, kuma mai zane da mai fassara suna da rabonsu. Ka kwatanta da masu ba da hayar littafi a unguwarmu, inda littafi ɗaya yake zagaya gidaje hamsin har bangonsa ya cire, marubuciyar ba ta ga ko sisi ba, ko kuma yanzu da ake kwafe littafi a watsa a WhatsApp tun kafin ta gama rubuta shi. Wannan ba ya nufin marubutan nan suna cikin daula, yawancinsu suna haɗawa da koyarwa ko wani aikin.

Abin da babu a nan shi ne namu. A ɗakin karatun unguwarmu akwai kanta ta Urdu, da ta Larabci, da ta Bengali, har da 'yan littattafan Somaliyanci, amma ban ga ko ɗaya da Hausa ba, na kuma tambaya aka ce idan na kawo sunaye da inda ake sayarwa za a duba. Yaran nan Hausarsu ta fara karkacewa, babban yana ji amma da Turanci yake amsawa. Saboda haka ina roƙonka ka leƙa Sabon Gari ka nemo mini Magana Jari Ce duka uku, da Ka Koyi Karatu, da duk wani littafin tatsuniyoyi mai hotuna da ka samu, ko da bugun ba shi da kyau. Ni kuma na tara littattafan yara guda 40 daga shagunan agaji, na duba kowanne shafi bayan shafi, na haɗa da na kimiyya guda biyar domin manyan ɗalibanka. Kuɗin aika su ya fi kuɗin sayen su, domin takarda tana da nauyi, don haka zan jira wani ɗan garinmu da zai taho gida bayan Sallah in roƙe shi ya rage mini wuri a akwatinsa. Kafin nan ka sa kafinta ya yi kantocin ƙasa-ƙasa, yadda ɗan shekara huɗu zai miƙa hannu ya ɗauka da kansa, a kuma jera littattafan fuskarsu tana kallon yaro, domin hoton bango ne yake kiransa.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata jikokinta suna tambayar ƙarshen tatsuniyar da ta fara musu ta waya.

Ƙaninka.