Dan Allah ku yi hattara da masu sayar da amfilifaya "mai gane waƙa"

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Naira 185,000. Dubu ɗari da tamanin da biyar, kuɗin da na tara a harkar sa kiɗa wajen biki, wani ya zauna ya cinye su da murmushi.

Kuma kar wani ya zo min da maganar wai kwaɗayi ne ko rashin wayo, abin nan akwai shi a duniya. Manhajar Shazam tana jin waƙa daƙiƙa kaɗan ta ɗauki tambarin sautin ta gwada da na rumbunta ta faɗa maka sunanta, Apple ma sun saye ta tun 2018. Wayar Pixel tana gane waƙa ko ba data. A Poweramp, manhajar sa waƙa a waya, kana iya ajiye wa kowace waƙa nata saitin bes da tirebul. To in mutum ya ce ga amfilifaya da ta haɗa biyun, ta ji waƙa ta gane ta ta dawo da saitin da ka ajiye mata, me zai sa in ce ƙarya ne? Duk mai wannan sana'a ya san wahalar murɗa maɓalli tsakanin waƙa da waƙa ana tsaka da rawa.

A Facebook na fara ganin tallan, amma fa sai da na je na gani da idona, wannan ne yake ci min rai. Mai sayarwar ya soka filas ɗinsa, waƙa ta tashi, sunanta ya fito a ɗan sikirin ɗin, bes ya kumbura. Ya canza wata, sauti ya canza. Yana cewa "maigida ka ji da kunnenka ai, saura biyu ta rage." Hannunsa na hagu yana cikin aljihun riga tun da na shiga, ni kuma ina kallon sikirin. Rimot ne a aljihun! Saitin sauti na Pop, Rock, Jazz ɗin da ke cikin kowace amfilifayar dubu arba'in yake dannawa.

Kafin nan ma ya ce 200,000, na yi ta ciniki har ina jin daɗi wai na rage 15,000.

Da na kai gida na haɗa ta da waya ta Bluetooth, shiru, ba abin da ya canza. Ƙanina ne ya ce kawo filas, ya sa a kwamfuta ya canza sunan wata waƙa zuwa "tuwon shinkafa", muka soka, sikirin ya rubuta tuwon shinkafa. Sunan fayil kawai take karantawa, ba ta jin komai. Sitikar "AI" ɗin ma da farce na ɓare ta.

Na kira ya ce sai an yi mata ofdet, in turo 10,000, daga baya ya yi bulokin ɗina. Shagon kuma ashe ba nasa ba ne, aron benci ya yi, maƙwabta sun ce ba su san inda yake kwana ba. 185,000 fa.

Risit ɗin transfa da sikirinshot na hirarmu duk suna nan, zan ɗora su anjima in na huce.

In za ku saya ku je da filas ɗinku, ku canza sunayen waƙoƙin, ku ce ya ajiye rimot a kan tebur.