Sharhi: tashi da laima daga dutsen Odweanoma

Mun daɗe muna maganar tashi da laima a majalisarmu ta Aboabo, nan Kumasi. Burinmu na farko shi ne irin dirowar da ake yi daga jirgin sama, wadda mutum ke faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa kafin laima ta buɗe. Da muka duba aljihu muka duba kusa, sai muka tsaya kan bikin tashi da laima na yankin Kwahu, wanda aka fara a 2005 kuma ake yi lokacin Ista. Daga 2022 zuwa 2024 Ista ta riƙa faɗowa cikin azumi, don haka sai da ta fita daga Ramadan muka shirya.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Accra, muka wuce Ejisu da Konongo har Nkawkaw, sannan mota ta fara hawa zuwa Atibie, inda dutsen Odweanoma yake. Hanyar nan ta kan dutse akwai kwana-kwana, kuma a ranakun biki cike take da motoci. Wanda bai yi sammako ba, rabin yininsa a hanya zai ƙare.

Ba kai kaɗai za ka tashi ba. Ana haɗa ka da matuƙi, shi a baya kai a gaba, a ɗaura maka ɗamarar da ke zama kujera idan an hau sama, a sa maka hular kwano. Matuƙin da na samu baƙo ne daga ƙasar waje, kuma abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda ya bi igiyoyin nan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ja kowane maɗauri ya tabbatar, bai yi gaggawa ba duk da layin mutanen da ke jira. Umarninsa guda ne: idan na ce gudu, ka yi ta gudu, kada ka zauna, kada ka yi tsalle.

Duk tsoron yana cikin wannan gudun. Kana fuskantar bakin dutse, laima na jan ka baya kamar ingarma mai ƙin linzami, zuciya na cewa tsaya. Babba a cikinmu ya ɗaga murya daga baya: “Ɗan'uwa, yi bisimilla ka tafi!” Na yi, na zuba gudu, sai kawai na ji ƙafafuna suna taka iska.

Na zaci cikina zai juya. Ko kaɗan. Laimar a buɗe take tun daga ƙasa, saboda haka babu faɗowa, zama ne kawai ana lilo da kai a hankali. Ga daji kore shar a ƙarƙashi, ga garin Nkawkaw shimfiɗe da rufin kwanonsa, ga manyan motoci a titin da muka biyo sun zama 'yan mitsi-mitsi. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi kan taso sama, ita matuƙi ke nema ya riƙa kewayawa cikinta har mu ƙara tsawo ba tare da inji ba. Wallahi a nan na samu kaina ina ta tasbihi. Muka sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw da 'yan taku kaɗan, yara na ta ihu.

Abin da zai gwada haƙurinka shi ne jira. Iska ce mai ba da izini, idan ta juya ko hadari ya taso sai a dakatar da komai. Ɗaya daga cikinmu haka ya wuni a kan dutse bai tashi ba, ransa ya sosu, mu ma mun ji masa. Duk da haka na fi yarda da matuƙin da zai ce a'a a kan wanda zai ɗauke ka cikin mummunar iska don kada ka yi fushi.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma a ganina ya biya. Ka sa takalmi rufaffe mai igiya da wando, ka bar babbar riga a gida. Waakye, wato shinkafa da wake, mai nauyi ne, ka ajiye shi sai ka sauko, koko ya isa da safe. Ka riƙe ruwa da dardumar salla, kuma tun wajen biya ka tambayi yadda za a yi da kuɗinka idan iska ta hana tashi.