Karamin injin huda na hannu, shin ya dace da dattijon manomi?

Duk mai tunanin siya wa tsohonsa irin karamar taraktar nan mai taya biyu da ake bi a kafa ana rike da hannayenta, to ga abinda na gani. Wanda muka siya wa mahaifinmu mai shan fetur ne, karfin doki 7, ana tada shi da igiya, yana da giyar gaba da ribas da wukaken da suke juya kasa. A takaice injin yana aiki, amma wlh wadanda suka kera shi kamar saurayi dan shekara 25 suke hangowa, alhali mai rike shi a gona yanzu mutum ne da ya haura sittin.

Kuma ba wai a wuri daya bane haka. A Amurka kidayar manoma ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi ya kai 58, a Tarayyar Turai kuma kusan kashi daya cikin uku na masu rike da gonaki sun kai 65 ko sun wuce, wadanda basu kai 40 ba basu fi kashi 12 cikin dari ba a 2020. Japan kam ba a magana, matsakaicin shekarun wadanda noma ne babbar sana'arsu ya kusa 68 a 2020. Yara sun tafi birni karatu ko neman kudi, yan kwadago sun yi wuya, tsofaffi ne suka rage da gona, to su ne ainihin kwastomomin wannan injin ko kamfanoni sun sani ko basu sani ba.

Bari in fara da alherinsa. Kaftun da da sai an tara mutane an kwana biyu ana yi, yanzu mutum daya zai gama shi da safe kafin rana tayi zafi, kuma wannan ba karamin abu bane sbd noma lokaci ne, in ruwa ya sauka baka shirya kasa ba to ka riga ka yi asara tun kafin ka shuka. Babu sunkuyo, wanda shi ne yake kashe bayan tsoho. Yana shiga kananan gonaki da lungunan da babbar tarakta bazata iya juyawa ba, man da yake sha ba mai yawa bane, in ka hada masa karamar tirela ma zai dauko taki ya kai gona. Gonar da Baba ya fara bari ta koma saura sbd rashin karfi, bana an noma ta.

Sai matsalolin, anan ne zan dade.

Na farko igiyar nan ta tada inji. In injin yayi sanyi sai ka ja ka ja ka kara ja, mai ciwon kafada ko wanda hannunsa ya fara rawa bazai iya ba, sau da yawa sai ya jira wani yaro ya wuce ya ja masa, to in kauyen babu yaran fa? ai rashinsu ne yasa aka siyo injin tun farko. Don Allah in zaka siya ka nemi mai batir da makulli ko da zaka kara kudi.

Na biyu girgiza. In kasa ta bushe tayi tauri wukaken basa nutsewa, sai injin ya rika tsalle yana fizgar mutum gaba, bayan an tashi aiki hannu yayi ta zugi har dare. Matashi zai jure, dattijo kuwa washegari ko cokali da kyar yake rikewa. Dabarar ita ce a jira kasa ta dan jika kuma a bi sau biyu sama sama maimakon a nutsa lokaci daya.

Na uku shi ne yafi tada min hankali, ribas. In ka saka ribas injin kanka yake yowa, hannayen su daga sama, in akwai bishiya ko bango a bayanka zai iya matse ka, in kuma kayi tuntube ka fadi wukake suna nan suna juyawa. A Japan hukumomin noma sun dade suna gargadi akan irin wannan hatsarin, kuma mafi yawan masu mutuwa a hatsarin aikin gona a can yan 65 zuwa sama ne. Namu yana da kulocin da in ka saki hannu yake tsayawa, wannan ya kyauta, kada ka kuskura ka siyi wanda bashi da shi. Kuma kada tsoho ya tafi gona da shi shi kadai ba waya a aljihu.

Maganar gyara kuma ita ce ta nuna min yadda tsufan kauye yake cin komai. Bel ya tsinke, abu kankani, amma bakaniken da ya iya shi ma ya koma birni sbd ba ciniki, sai an dauki hanya. Haka abin yake tafiya ai, matasa su tafi, makaranta ta rasa dalibai, mai shago ya rufe, motar haya ta rage zuwa, karamin asibiti ya rasa ma'aikaci daidai lokacin da mazauna suka fi bukatarsa. A Japan har gidajen da ba kowa a ciki sun kai kusan miliyan 9 a 2023, duk da dai ba duka bane a karkara. Saboda haka ranar da ka siyi injin ka hado da bel na biyu, filogi, matatar iska da bakin mai, ka kuma zauna ka koya wa mai shi canza su. Takardar bayanin da ta zo da shi rubutun kanana ne kamar tururuwa, wa zai karanta wannan da idon shekara 70.

Kuma fa a sani ban da jan tirela, kaftu kadai yake yi. Shuka, cire ciyawa tsakanin shuka, girbi, daura buhu, duk suna nan suna jiran hannu. Har ma akwai tarko, tunda huda tayi sauki sai dattijo ya bude gona fiye da karfinsa, ciyawa ta taso ya rasa mai taya shi. Ku ja masa birki tun farko.

Abinda na ga yafi dacewa shi ne gidaje uku ko hudu su hada kudi su siyi daya, su damka wa wani matashin da ya rage a gari yana yi musu aiki ana biyansa, ya kuma yi wa wasu haya. Tsofaffi sun huta da fizga, yaron ya samu dalilin zama. In dole dattijon ne zai rike da kansa, a daukar masa mara nauyi mai makulli, a bar manyan masu dizal din nan. Ni dai maki 3 cikin 5 na bashi, da mai batir ne da na bashi 4.